GPS ta hannu: riga, jaka ko akwati, wanne ne ke kare ta da gaske?

Mai_Awon_Gona:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Aikina awon gonaki ne, a ƙafa nake zagaya iyakar fili da na'urar GPS a hannu, mai nuna inda mutum yake ta hanyar taurarin ɗan adam, wani lokacin tun sassafe har rana ta take. Wadda na yi shekara huɗu da ita ta subuce mini daga aljihun gaba ina tsallake wani kwazazzabo, ta faɗi rubda ciki a kan dutse, gilashin ya yi tsagar gizo-gizo. Tana kunnuwa, amma ba a ganin komai. Yanzu na samu Garmin eTrex 32x, kuma ba na so ta bi sawun waccan.

Na duba na ga abin kala-kala ne: akwai rigar silikon da ake zura mata kamar ta waya, akwai jaka mai zif da ake ratayawa a bel, akwai kuma akwati mai tauri mai soso a ciki. Wani abokin aikina kuma ya ce duk ɓarnar kuɗi ne, tunda an rubuta cewa ruwa ba ya shigarta. Ku da kuka daɗe da riƙe irin wannan na'ura, me kuke sa mata? Kuma riga ba ta rage mata kama sigina?

DanSafiyo:
Wa alaikumus salam. Rigar silikon, gilashin kare allo, da igiya a wuyan hannu. Ukun nan nake amfani da su shekara da shekaru. Silikon ba ya tare sigina, kada wannan ya dame ka.

Dattijon_Taswira:
Ɗana, ni ina bayan abokin aikinka, ko da yake dalilina daban ne. Na fara riƙe irin wannan na'ura tun rawayar eTrex ta farko, wajen shekarar 2000. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin Amurka, zamanin Bill Clinton, ta daina gurɓata siginar da gangan ga farar hula, muka wayi gari kuskuren da ke kaiwa mita 100 ya dawo 'yan mitoci. Tun daga lokacin na riƙe na'ura biyar, ko ɗaya ban taɓa sa wa riga ba. Ka juya taka ka duba gefenta, ai da robarta aka ƙero ta. Riga a kan riga ke nan.

Ka sake karanta labarin da ka ba mu da kanka. Rashin riga ne ya kashe tsohuwarka, ko kuwa aljihun gaba? Da a ɗaure take da igiya, da ta tsaya tana reto a ƙirjinka, ba ta ko taɓa dutsen ba. Ka tare faɗuwar tun daga tushe. Igiya, igiya, igiya.

Mai_Awon_Gona:
Baba, na ji wannan, kuma gaskiya ne babu igiya a jikinta ranar. Amma ko da igiya ai tana iya bugun wani abu idan tana reto.

Injiniyan_Rediyo:
Bari in warware maganar "ruwa ba ya shigarta", domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da aka rubuta wa na'urarka shi ne IPX7. Wannan ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, sunansa IEC 60529. Lambar farko bayan IP ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Bakwai ɗin na nufin ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Shi kuma X ɗin na nufin ba a ba ta maki a kan ƙura ba. Ba wai an ce ƙura na shiga ba ne, ba a dai yi alƙawari ba. Wanda aka rubuta wa IP67 shi ne aka gwada da ƙura da ruwa duka.

Abin lura shi ne, babu inda ma'aunin ya yi maganar faɗuwa. Ko kalma ɗaya. Gwajin faɗuwa da girgiza da zafi yana ƙarƙashin wani ma'auni ne na sojojin Amurka, MIL-STD-810, wanda ake ambata wa manyan na'urori irin GPSMAP 66 da 67. Don haka abokin aikinka ya amsa tambayar ruwa ne, kai kuma tambayar dutse ka yi.

Sannan gwajin ruwan da sabuwar na'ura ake yi, murfin batir a kulle tsaf, robar bakin USB a toshe. Bayan shekara uku ana buɗewa ana rufewa, zoben robar da ke cikin murfin ya tsufa ko ƙwayar yashi ta kwanta a kansa, ba ita ce na'urar da aka gwada ba.

Maman_Ilham:
Ni ta wani ɓangare zan zo. Na taɓa jagorantar tawagar masu tattara bayanan rijiyoyi da famfunan burtsatse, na'ura 12 aka damƙa mini amana, wata shida muna yawo. A ƙarshen aikin uku sun lalace, kuma ko ɗaya ba a hannun ma'aikaci ta lalace ba. Duk a cikin mota ne. Da yamma kowa ya gaji, sai a watsa su cikin jaka ɗaya da makullai da caja da tef ɗin awo, a jefa bayan mota, a ɗora kaya a kai. Ɗaya allonta ya fashe saboda nauyin da aka danne ta da shi, biyu kuma suka karce har sai ka karkata su kafin ka karanta lamba.

Zagaye na biyu na nemi akwati mai tauri guda, na yanka soson cikinsa gida-gida, kowace na'ura da ɗakinta da lambarta. Ba mu sake asarar ko ɗaya ba. Wani amfanin da ban yi tsammani ba: idan na buɗe akwatin da yamma na ga rami ɗaya babu kowa, nan take na san wa bai dawo da tasa ba.

Don haka Malam Mai_Awon_Gona, ka raba tambayarka biyu. Kariya lokacin aiki daban, kariya lokacin tafiya da ajiya daban. Abu ɗaya ba zai yi maka duka biyun ba.

DanSafiyo:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni ma a jakar goyo na fi jin tsoro, ba a hannu ba.

Sabon_Shiga22:
Ni fa a wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai murfi nake saka tawa, na shimfiɗa tsumma a ciki. Ko mota ta taka shi ba na jin za ta ji. In zan yi tafiya sai in kunna ta in rufe a ciki don ta riƙa zana mini hanyar da na bi. Sai dai zanen yana yawan yankewa, na ɗauka ko na'urar ce ba ta da kyau.

Injiniyan_Rediyo:
Ɗan'uwa, na'urarka lafiyarta ƙalau, gwangwanin ne. Taurarin ɗan adam na GPS suna can sama kimanin kilomita 20,200, kuma siginar da suke aikowa a kan zangon rediyo na megahaz 1575.42 kafin ta iso ƙasa ta yi rauni ƙwarai, ta fi hayaniyar da ke cikin iska rauni. Na'urar kuma tana bukatar aƙalla taurari huɗu kafin ta san inda take. Yadi, silikon, roba, soso, fata mara kauri, duk siginar na ratsa su ba tare da wata asara ta a zo a gani ba. Ƙarfe kuwa bango ne. Haka ma abin da aka yi da zaren kabon na gaske, domin shi ma yana ɗaukar lantarki. Ɗan abin da kake samu ta tsagar murfi yake shiga. Garin neman gira kana rasa ido.

Idan a kashe take, ajiya kawai, gwangwaninka ba shi da laifi. Idan tana aiki, fito da ita.

Wani abin da ke tare sigina wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne jikin mutum, saboda yawancinsa ruwa ne. Jakar da ke rataye a bel, jikinka ya rufe mata rabin sama. Mai awon fili musamman ya kiyaye wannan, domin layin iyakar zai riƙa karkata. Gara a kafaɗa, a kan maɗaurin jakar goyo, ko a hannu nesa da ƙirji. Irin eTrex eriyarta a ciki take ta wajen kai, ta fi son a riƙe ta a kwance fuskarta na kallon sama. Masu ƙahon nan irin GPSMAP 64 da 65 kuma sun fi son tsayuwa, ƙahon na sama.

Sabon_Shiga22:
Kai, na gode. Wata uku ina zargin na'urar.

Yar_Duwatsu:
Tunda an zo maganar abin da riga ke ɓatawa, ga nawa. Ina karatun ilimin duwatsu, shekarar ƙarshe, muka fita aikin taswira na mako biyu. Na sayi wata jaka kyakkyawa mai marfi, irin wadda kana sakin marfin yake mannewa da kansa, ƙas. Allon yana leƙowa ta wata taga ta leda, ba sai na ciro na'urar ba. Kwana biyu kibiyar kamfas tana nuna mini wani waje daban da na abokan tafiyata. In ina tafiya da sauri abin ya ɗan daidaita, in na tsaya sai ta juya. Na sake saita kamfas ɗin ya fi sau biyar. A rana ta uku malaminmu ya karɓi jakar, ya kusantar da ita ga kamfas ɗinsa na allura, allurar ta bi marfin kamar an kira ta. Maganaɗisu biyu ne a ɗinke a ciki.

Duk kusurwoyin da na rubuta a kwana biyun nan sai da na koma na sake ɗauka. Na yi kuka ranar, domin tafiyar ba kaɗan ba ce.

Malam Mai_Awon_Gona, 32x ɗinka tana da kamfas na lantarki, 22x ce ba ta da shi. Duk jakar da za ka saya, ka goga mata allura ko ƙaramar ƙusa a marfi da gefe. In ta manne, ajiye musu kayansu.

Dattijon_Taswira:
To kun gani. Gwangwani ya tare sigina, jaka ta ruɗa kamfas. Har yanzu ban ji wanda igiya ta ɓata wa aiki ba.

Gandun_Daji:
Baba, da girmamawa, ni igiya ta taɓa ɓata mini. Aikinmu sintiri ne cikin kurmi. Na rataya ta a wuya da doguwar igiya, na sunkuya zan wuce ƙarƙashin wani reshe, igiyar ta sarƙe, ta shaƙe ni har na faɗi. Wata rana kuma na durƙusa zan duba sawun dabba, na'urar ta yi lilo ta daki kututture da fuskarta. Igiya tana hana ɓata, wannan ba musu, amma doguwa tana da nata haɗarin. Yanzu gajeriya nake sawa, ɗaure a maɗaurin kafaɗa, ita kuma na'urar tana cikin ƙaramar jaka a wurin. In na ciro ta, igiyar ta kai daidai tsawon hannuna, ba ta kai ƙasa ba. Wanda ya fi son ta wuya, ya nemi mai mahaɗin da ke ɓallewa da kansa idan an fizga.

Dattijon_Taswira:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Gajeriyar igiya. Amma jakar har yanzu ban ga wajibcinta ba.

Masunci_Teku:
Ku duk maganar tudu kuke. A ruwa IPX7 ɗin nan ba ya ceton kowa, domin na'ura tana iya hana ruwa shiga kuma ta nutse kamar dutse. Mita ɗaya aka ce, ƙarƙashin jirgina kuwa ya fi mita ashirin. Akwai waɗanda aka ƙera don su yi iyo, irin GPSMAP 78 da 79, amma yawancin na tudu ba sa yi. Ni jakar leda mai kauri nake sa wa tawa, irin ta Aquapac mai maƙulli a baki, in bar 'yar iska a ciki, in ɗaura mata abin toto mai launin lemo. Kafin in yarda da ita sai da na gwada a bokiti da na'urar a ciki, na ga ta taso.

Gishiri kuma shi ne babban abokin gaba. Yana bushewa a bakin USB da gindin maɓallai, ya ci ƙarfen. Duk ranar da ruwan teku ya taɓa ta, ina ɗauraye ta da ruwan daɗi in bar ta ta bushe a inuwa kafin in buɗe murfin batir. Zif ɗin ƙarfe a jaka kuwa wata biyu ya isa ya ƙage.

Yar_Duwatsu:
Jakar da iska ba ta shiga tana da matsala ga mu masu hawa tudu. Ma'aunin tsayin da ke cikin 32x da matsin iska yake aiki, ta wani ɗan rami a jikin na'urar. Kusa da matakin teku, duk hawan mita 8 matsin na raguwa da kimanin hektofaskal 1, wato awon matsin iska. In ka kulle ta cikin jakar da ba ta numfashi, iskar jakar take aunawa, kana matsa jakar da hannu lambar ta yi tsalle.

Masunci_Teku:
Ni tsayina kullum sifili ne, 'yar'uwa, shi ya sa ban taɓa lura ba. Amma na fahimta.

Injiniyan_Rediyo:
Haka ne. Har rigar silikon ma a duba kada ta toshe ramin. Ƙananan akwatunan Pelican, irin 1040 da 1050, an sa musu wani bawul da ke daidaita matsin ciki da na waje ba tare da ruwa ya shiga ba, amma dalilinsa shi ne kada akwatin ya ƙi buɗuwa bayan an sauko daga jirgin sama ko daga kan dutse. Ba don a auna tsayi daga ciki aka yi shi ba. A Turai sunan kamfanin Peli, in wani ya ci karo da shi kada ya ɗauka jabu ne.

Waya_Ta_Isa:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa har yanzu kuke wahala da waɗannan na'urori? Wayar da ke aljihunku tana kama GPS, tana kama GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, allonta ya fi girma, rigunanta kuma ko'ina akwai.

Gandun_Daji:
Ka yi kwana huɗu inda babu wutar caji ka dawo mu yi magana. Batir AA biyu suna kai ta Malam Mai_Awon_Gona wajen awa 25, in sun ƙare ya zura wasu cikin minti ɗaya. Allonta kuma da hasken rana yake ƙara fitowa, na waya kuwa dusashewa yake ya yi zafi. Ga maɓallai, ko hannu a jiƙe ko da safar hannu suna aiki.

Waya_Ta_Isa:
Akwai fawa-banki ai.

Maman_Ilham:
Don Allah a buɗe wa wannan muhawara zaurenta daban. Bawan Allah ya riga ya sayi na'urarsa, riga yake tambaya.

Mahayin_Babur:
In dawo da mu kan hanya. Wanda ke ɗaura ta a kan babur ko keke ya sani cewa yawancin mariƙan da ake sayarwa an auna su ne da na'ura tsirara. Kana sa rigar silikon ba za ta shiga ba, ko ta shiga rabi, wanda ya fi haɗari. Bayan na'urorin Garmin da yawa akwai wata 'yar doguwar hanya da ƙugiya ko mariƙi ke zamewa a kai, rigar kirki tana barin wurin a buɗe. A duba wannan kafin a saya. Ni mariƙin RAM nake amfani da shi, mai ƙwallon roba, yana shanye girgiza kaɗan. Duk da haka ina ɗaura igiya a kan hannun babur ɗin, saboda na taɓa faɗawa rami da gudu na ga na'ura ta tashi sama. Igiyar ce ta dawo da ita. Baba, wannan makinka ne.

Girgiza kuma tana sa batir ya riƙa rabuwa da ƙarfen da yake taɓawa, na'ura ta mutu tana tsakiyar aiki. Ba rigar da ke maganin wannan. Ɗan siririn soso a bayan murfin batir ya yi mini magani.

DanSafiyo:
Akwai abin da ya kamata in ƙara a kan maganata ta farko, don kada in ba da rabin shawara. Rigar silikon tana tara yashi tsakaninta da jikin na'ura. In ka bar shi, kowane motsi gurza yake yi. Na taɓa cire wata bayan wata takwas, na tarar gefen na'urar ya koɗe kamar an bi shi da sanfefa. Yanzu duk ƙarshen mako nake tuɓe ta, in wanke rigar, in goge na'urar, su bushe kafin in mayar. In ruwa ya dake ka ma haka, kada ka bar laima a ƙarƙashinta.

Kuma rigar ba ta rufe fuska. Amfaninta biyu ne: kusurwoyi, da kuma bakin da ya ɗan ɗago sama da allo, ta yadda in ta faɗi a kan shimfiɗaɗɗen wuri gilashin ba zai taɓa ƙasa ba. A kan tsinin dutse irin wanda ya kashe tsohuwar taka, gaskiya ba na jin da ta cece ta.

Yar_Duwatsu:
Shi ya sa gilashin kare allo. Amma kada 9H ɗin da ake rubutawa a kwalinsa ya ruɗe ku. Wannan taurin fensir ne, ba ma'aunin Mohs da muke auna ma'adinai da shi ba. A ma'aunin Mohs gilashi yana wajen 5 da rabi zuwa 6, ƙwayar yashi kuwa yawanci ma'adinin kwaz ce, tana 7. Yashi zai karce shi ko me aka rubuta. Amfaninsa shi ne shi ya karce ko ya fashe a madadin na ainihi, ka ɓare ka sa wani. Kuma kada a goge allo mai ƙura da gefen riga a bushe, a fara hure shi.

Mai_Dinkin_Jaka:
Ni ɗinkin jakunkuna ne sana'ata, na yi wa masu irin aikinku da dama. Ga abin da nake dubawa in an kawo mini jaka a ce in gani ko mai kyau ce.

Na farko madaukin bel. Nan ne jaka ke mutuwa, ba a jiki ba. In layin ɗinki ɗaya ne, ba zai kai shekara ba. Ana so a yi masa ɗinkin akwati da gicciye a ciki, ko a maimaita ɗinki a wuri ɗaya sau da yawa. Na biyu cikin jakar: a juya ta a shafa. In kan zif ko gindin maɓallin ƙarfe yana leƙowa ta inda allo zai kwanta, ita da kanta za ta karce abin da aka ce ta kare. Sai yadi. Nailan mai kauri irin Cordura 500D ya wadatar, 1000D ya fi tauri amma ya fi nauyi da ƙagewa. Neyofirin, wato yadin roba mai kamar soso, yana da laushi yana shanye bugu, sai dai in ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba. Irin mai ƙwarya-ƙwaryar nan ta EVA tana tsakiya, ta fi yadi jure danniya, ba ta kai akwati ba. Ina kuma huda ƙaramin rami a gindi don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita.

Velcro, wato maɗaurin nan da ake mannewa a ɓare, yana da sauƙin buɗewa da hannu ɗaya, amma yana cika da ƙaiƙayi da ciyawa har ya daina kamawa, ga ƙara. Na fi son ƙaramin maƙullin roba mai shiga ƙas.

Girman taka wajen santimita 10 ne a tsaye, 5 da rabi a faɗi, 3 da ɗori a kauri. In za ka sa mata silikon, da rigar a jikinta za a auna. Kada jakar ta matse, saboda ɗan maɓallin da ake juyawa a fuskarta zai riƙa dannuwa, ka ciro ta ka tarar ta shiga wani shafi ko ta ajiye alamomin da ba ka sa ba. Kada kuma ta yi yawa har ta riƙa kai da komo.

Gandun_Daji:
Maganar ƙarar Velcro gaskiya ce, a wajenmu tana korar dabba tun daga nesa. Ƙari ɗaya: maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana narkar da wasu robobi. Wani abokin aikina ya shafa ya riƙe na'urarsa, sawun yatsansa ya zauna a kan allon har yau. A nan riga ta yi rana, domin ita ta sha a madadin jikin na'urar tawa. Tagar ledar nan ta jaka ma yana sa ta yi hazo.

Dattijon_Taswira:
Tunda kowa ya koma maganar akwati, bari in faɗi abin da na gani da idona. Na'urar da ta fi ba ni takaici ba faɗuwa ta yi ba. Wani ƙanena ya ajiye tasa cikin akwati mai kyau, mai hana ruwa, wata bakwai, da batiran alkalin a ciki. Da ya buɗe, batiran sun yi yoyo, farin garin nan ya cinye ƙarafan. Akwatin ya hana komai shiga, ya kuma hana kowa ganin abin da ke faruwa. In za a ajiye fiye da 'yan makonni, a cire batir. Kuma akwatin da ke hana ruwa shiga yana hana shi fita. Ka sa na'ura da danshi ka rufe, ka gina mata ɗakin tsatsa.

Maman_Ilham:
Baba ya yi gaskiya a nan. Mu muna jefa 'yan ƙullin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma dokar tawaga ce ba a rufe akwati sai kowace na'ura ta bushe. Kada kuma a bar baƙin akwati a gaban gilashin mota cikin rana. Wurin yana wuce digiri 60, batir da allo duk ba sa so.

Injiniyan_Rediyo:
Ga masu aiki a wuri mai tsananin sanyi kuma abin juyawa yake. In ka shigo ɗaki mai ɗumi da na'ura mai sanyi, raɓa ce za ta kwanta mata. A bar ta cikin jakarta a rufe ta ɗumama a hankali. Batiran AA na litiyom su ne ke jure sanyi, alkalin yana saurin yin kasala.

Mai riƙe da irin masu aika saƙon neman agaji, wato inReach da ke bi ta taurarin Iridium, shi kuma ya tabbata jakarsa ba ta binne eriyar ba, kuma yana iya kai hannu ga maɓallin SOS da hannu ɗaya. Na'urar da ke ƙasan jakar goyo cikin akwati mai maƙulli biyu ba za ta yi wa wanda ya karye a hannu amfani ba.

Mai_Awon_Gona:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ban zaci abin zai kai haka ba. Ga inda na tsaya zuwa yanzu. Na liƙa gilashin kare allo jiya. Na ɗaura gajeriyar igiya a maɗaurin kafaɗa kamar yadda Gandun_Daji ya kwatanta. Na ga wata jaka na gwada ta da allura yadda Yar_Duwatsu ta ce, allurar ta manne a marfi, na bar ta. Akwati kuma zan nema saboda jakar goyona cike take da turaku da guduma. Rigar silikon ce har yanzu nake waswasi, domin inda nake aiki yashi ne, kuma na san kaina, ba lallai in riƙa tuɓewa duk mako ba.

DanSafiyo:
In ba za ka riƙa wankewa ba, bar ta. Amma ni ba zan cire tawa ba, hannuna yana gumi, silikon ɗin ne ke hana ta zamewa.

Dattijon_Taswira:
Ka yi wata uku da igiya da gilashin kawai, ka dawo ka ba mu labari.

Mai_Dinkin_Jaka:
In ka tashi neman jakar kafaɗar, auna faɗin maɗaurin jakar goyonka tukuna. Da yawa ana yin su ne don layukan MOLLE na jakunkunan soja, masu faɗin inci ɗaya, a kan maɗauri na yau da kullum sai su riƙa zamewa ƙasa.

Sabon_Shiga22:
Na fito da tawa daga gwangwani yau, na yi tafiyar kilomita shida, zanen bai yanke ko sau ɗaya ba. Tambayata yanzu: maɗaurin jakata akwai wani zoben ƙarfe daidai inda na rataye ta. Shi ma zai taɓa kamfas ɗin, ko sai maganaɗisu kawai?